Iri, Allurar Dabbobi Da Koken Majinyata: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Binciken Da Ke Da Amfani Nan Take

Akwai binciken da ake yi don ilimi ya ƙaru, akwai kuma wanda ake yi don manomi ya san ko irin da ke rumbunsa zai fito, makiyayi ya san ko allurar da aka yi wa shanunsa ta kama, shugaban asibiti kuma ya gano abin da ke hana mata komawa awon ciki. Tambayoyin da ke ƙasa duk a kan na biyun suke.

Me ya haɗa iri da allurar dabbobi da majinyaci a wuri guda?

Lissafi ne ya haɗa su. A duk ukun akwai adadin da ake rubutawa a rahoto, akwai kuma wanda yake na gaskiya. Rahoto zai ce an raba buhun iri kaza, an yi wa dabba kaza allura, an duba mutum kaza. Ba zai faɗi ƙwaya nawa ta tsiro ba, ko dabba nawa ta samu garkuwa, ko mutum nawa ya fita yana rantsuwar ba zai dawo ba. Aikin mai irin wannan bincike shi ne ya je ya ƙirgo adadi na biyun.

Su wa ke wannan aiki a ƙasashenmu?

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana aiki tun 1922, kuma daga can ne irin da sunansu ke farawa da SAM suke fitowa: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda ta fara a 1924, ita ke haɗa yawancin alluran rigakafin dabbobi da ake yi a cikin Najeriya. Akwai ta Shika mai kula da kiwo, da ta Maiduguri mai kula da gero da alkama. A Nijar akwai INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar, da tashar ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, a Sadore kusa da Yamai, sai LABOCEL mai haɗa allurar dabbobi. Kamaru na da LANAVET a Garwa, ita ma mai haɗa allurar dabbobi. Ta ɓangaren asibiti kuwa, aikin ya fi zama a hannun jami'o'i da asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya.

Yaya zan gwada irina a gida kafin damina?

Ka ɗebi iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ka cakuɗa, sannan ka ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. Wannan "ba tare da zaɓe ba" shi ne rabin aikin, domin hannu kan kai ga manya masu ƙyalli ko mai shi bai yi niyya ba. Ka jera su a kan tsumma mai laima ko buhun algarara da aka jiƙa aka matse, ka naɗe, ka ajiye a inuwa, kullum kana yayyafa ruwa. Yashi mai tsabta a cikin tsohon kwano mai huji ma yana yi. Masara da gero ana ƙirga su a rana ta 7, dawa da gyaɗa a ta 10, shinkafa takan kai 14.

Wajen ƙirga, kada ka sa duk ƙwayar da ta ɗan tsage baki. Wadda ta fito da saiwa da kai masu lafiya kaɗai ake lissafawa. Idan 85 ko fiye suka fito, irinka na da kyau. Idan 70 ne, ka ƙara yawan abin da za ka shuka: inda ka saba zuba mudu 10, ka tanadi wajen 14. Idan bai kai rabi ba, shawarata ka nemi wani, wannan ya tafi tukunya, muddin ba a shafa masa magani ba. A ɗakin gwaje-gwaje ƙwaya 400 ake amfani da su, a raba gida huɗu, don kada sa'a ko rashinta ta yanke hukunci. Kai ma idan ka yi tsumma biyu maimakon ɗaya, amsarka za ta fi ƙarfi.

Lokacin yin gwajin shi ne makonni uku zuwa huɗu kafin ruwa ya sauka, lokacin da iri bai yi tsada a kasuwa ba tukuna.

Irina ya tsiro a tsumma, amma a gona ya ƙi fitowa. Gwajin ƙarya ne?

Ba ƙarya ba ne, tambaya ɗaya kawai ya amsa: ƙwayar na da rai ko babu. Gona kuwa tana da nata jarrabawar. A ƙasa mai yashi ta Sahel, zafin saman ƙasa da tsakar rana yakan haura digiri 50, wanda ke iya ƙona tsiron gero tun bai buɗe ganye ba. Ƙasa mai laka takan yi ɓawo bayan ruwa mai ƙarfi, tsiro ya kasa huda shi. Ga gara, ga ɓera, ga tsuntsu, ga zurfin rami da ya wuce kima. Mai yin binne kuma ya san idan yayyafi ya taɓa ƙasa sannan ruwa ya ɗauke, irin zai farka ya mutu a ciki. Shi ya sa masu bincike ke raba ƙarfin iri da tsirowarsa: tsohon iri na iya tsirowa a tsumma a hankali, amma ba shi da kuzarin da zai ture ƙasa.

Akwai abin da gwajin tsiro ba ya nunawa sam. Masarar haɗin aure da aka girbe aka sake shukawa za ta tsiro lafiya lau, amma amfaninta zai ragu kuma gonar ta fito ba daidai ba. Wannan sai dai takardar shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa da ke jikin buhu, da kuma amanar mai sayarwa.

Me ya sa irin gyaɗa da waken soya ke saurin mutuwa, gero kuwa ya daɗe?

Mai ne. Ƙwaya mai yawan mai tana lalacewa da wuri idan zafi da laima suka haɗu mata, shi ya sa ake barin irin gyaɗa cikin kwansonsa sai dab da shuka. Irin albasa ma ba ya jure ajiya, da wuya ya wuce shekara da ƙarfinsa. Masana ajiyar iri suna da wani ma'auni da suke aiki da shi: duk lokacin da laimar ƙwaya ta ragu da kashi 1 cikin 100, tsawon ranta yakan ninka, haka ma idan zafin wurin ajiya ya ragu da digiri 5. Ma'ana busarwa ta fi kowane magani.

Don sanin ko ya bushe, ka zuba ƙwayar da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza, ka bari ya ɗan zauna. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da iri shanya. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ya samo asali daga aikin Jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincike a arewacin Kamaru, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska. Amma fa irin da bai bushe ba idan aka ɗaure shi a ciki, an yi masa illa ne, ba gata ba.

Gaskiya ne jiƙa iri kafin shuka na taimakawa?

Gaskiya ne, idan ƙasa na da laima. An gwada a Mali da Sudan da wasu wurare: a jiƙa gero ko dawa na kimanin awa 8, a tsane, a shanya kaɗan a inuwa, a shuka a ranar. Yakan riga wanda ba a jiƙa ba fitowa, kuma a wurin da laimar saman ƙasa ke gudu cikin kwana biyu, wannan ratar ba ƙarama ba ce. Kada dai a yi wa binne haka.

Ga masu binne akwai wata dabara da aka gwada a yankin Maradi, tsakanin Jami'ar Hohenheim ta Jamus da INRAN da ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya. Ana cuɗa yashi da laka da tokar itace ko ɗan takin zamani, a sa ƙwayoyin gero, a mulmula ƙananan dunƙule, a shanya. Dunƙulen yana kare irin daga ɓera da tururuwa, ba ya farkawa da ɗan yayyafi, kuma tsiron na samun abinci a kusa da shi. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne manoman da kansu, mata da yawa a cikinsu, su suka riƙa gwadawa a gonakinsu, layin dunƙule kusa da layin shukar gargajiya.

Wuta-wuta fa, me ya haɗa ta da binciken tsiro?

Ƙwayar wuta-wuta ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira, kuma tushe guda na zubar da dubban ƙwayoyi. Da aka gano haka sai aka ga hanyar yaudararta: auduga da waken soya suna tayar da ƙwayar wadda ke kama dawa da gero da masara, amma ba ta iya kama saiwarsu, sai ta mutu. Dalilin da ya sa malaman gona ke nacin a riƙa juya shuka ke nan, a kuma cire ta tun ba ta yi fure ba.

An yi wa dabbata allura, ta kamu da cutar duk da haka. Ina amfanin?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zafi a ruga, kuma tana da amsoshi da yawa. Rigakafi ba magani ba ne: dabbar da cuta ta riga ta shiga jikinta, allura ba za ta fitar da ita ba, kuma garkuwa na ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ta kafu. Sai batun sanyi. Yawancin alluran nan suna son digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har jikin dabba, kuma wadda ta zo a garin hoda, da zarar an haɗa ta da ruwanta, awa ɗaya zuwa biyu ne ranta. Kwalbar da ta wuni a aljihun mai babur cikin ranar bazara, ruwa ne kawai ake tsira wa saniya.

Akwai kuma bambancin cututtukan. Ƙwayar cutar boru kala bakwai ce, allurar kala ɗaya ba ta kare wata, kuma ko wadda ta dace ƙarfinta wajen wata shida ne. Allurar ciwon huhu na shanu sai an maimaita duk shekara. Ta PPR, annobar nan ta zawo da majina da gyambon baki da ke kwashe awaki da tumaki, ita kam sau ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. 'Yan ƙananan da ba su kai wata uku ba ana jinkirta masu, saboda garkuwar da suka sha a nonon uwa tana hana allurar aiki. A ƙarshe akwai jabu, da wadda wa'adinta ya wuce. Ka nemi ganin kwalbar, ka duba kwanan wata, ka ga ko daga cikin kula mai ƙanƙara aka ciro ta.

To yaya masu bincike ke sanin allura ta kama?

Da jini. Kafin a fara zagayen rigakafi ana ɗibar jinin wasu dabbobi da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, bayan makonni a dawo a sake ɗiba, a duba kashi nawa suka samu garkuwa. Ga PPR, abin da ake nema shi ne aƙalla kashi 70 cikin 100 na dabbobin yanki, domin daga nan cutar ke fara rasa inda za ta sauka. Idan rahoto ya ce an yi wa kusan kowace dabba amma jini ya nuna rabi, to akwai inda aka samu matsala: firji, ko mai allura, ko alƙalamin mai rubuta rahoto. 'Yar tsagar da ake yi a kunne kuma alama ce ta an yi wa dabba, don kada a ƙirga ta sau biyu. Ingancin allurar kanta akwai cibiyar Tarayyar Afirka a Bishoftu ta ƙasar Habasha da ke tantance shi.

An taɓa gamawa da wata cutar dabbobi gaba ɗaya?

An gama da bushiya. A ƙarshen ƙarni na 19 ta ratsa Afirka ta kashe mafi yawan shanu, Fulani da dama suka wayi gari ba ko maraƙi. Walter Plowright, wani likitan dabbobi ɗan Birtaniya, ya samar da allura mai inganci a Kenya wajen 1960, kuma a 1962 aka fara babban gangamin JP15 daga Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Cutar ta lafa, gwamnatoci suka saki jiki, aka daina yi wa maruƙa, sai ga ta ta dawo a farkon shekarun 1980, inda 1983 ta zama shekarar baƙin ciki ga makiyayan Najeriya.

Abin da ya kawo ƙarshenta a zagaye na biyu ƙananan gyare-gyare ne guda biyu. An sauya yadda ake busar da allurar har ta iya jure wata guda ba firji. Sannan a wurare irin su kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha, an horar da makiyaya su yi wa shanunsu da kansu, masu bincike kuma suka koma zama da dattawan ruga suna tambayarsu inda cutar take da lokacin da ta wuce. Sau da yawa bayanin makiyayan ya fi na ofis daidai. An ga bushiya ta ƙarshe a Kenya a 2001, aka ayyana duniya ta rabu da ita a 2011. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar, bayan agana.

Yanzu PPR ake so a yi wa haka nan da 2030, bisa shirin da aka amince da shi a Abijan a 2015. Allurar da aka fi amfani da ita sunanta Nigeria 75/1, don daga ƙwayar cutar da aka samo a Najeriya a 1975 aka haɗa ta.

Kajin gida fa? Duk hunturu sai sun ƙare.

Cutar Newcastle ce galibi. Akwai allurar I-2 da aka samar a Ostireliya musamman don kajin ƙauye, kuma Vom na haɗa ta. Tana jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya ake sawa a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. A yi kafin sanyi ya shigo, da yamma bayan kaji sun shiga akurki.

Me ya sa wasu makiyaya ke ɓoye dabbobi idan masu allura sun zo?

Suna da dalili. Tun zamanin jangali, ƙirga shanu da karɓar kuɗi tare suke tafiya. Allurar huhu kuma takan kumbura wa wasu shanu wurin da aka yi ta, wani lokaci sosai. Ga kuma gangamin da ake shiryawa bayan garke ya riga ya tafi mashekari. Binciken da ya fara da tambayar arɗo yaushe kuma a ina, shi ne ke samun shanu a gida.

Mu koma asibiti. Majinyaci ai ba likita ba ne, me za a koya daga bakinsa?

Ba za a tambaye shi ko maganin da aka rubuta daidai ne ba. Hasali ma mutane da yawa sun fi jin daɗin wanda ya yi masu allura da ƙarin ruwa ko babu buƙata, don haka gamsuwa ba ita ce inganci ba. Amma akwai abin da shi kaɗai ya sani: awa nawa ya yi a layin kati, ko an yi masa bayani da harshen da yake ji, ko an karɓi kuɗi ba rasit, ko an daka wa matarsa tsawa a ɗakin haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa wajen kashi 16. Nisa da kuɗi na ciki, amma yadda ake karɓar mace ma na ciki, kuma wannan ba a gano shi a rajista.

Ai duk wanda aka tambaya cewa yake "alhamdulillahi, ba komai". Yaya za a yi da wannan?

Babbar matsalar aikin ke nan a wurinmu. Mutumin da aka tare a ƙofar asibiti, nas na kallonsa, kuma gobe nan zai dawo, ba zai kushe ba. Ga kunya, ga kara. Shi ya sa sakamakon irin wannan tambaya kan fito da gamsuwa mai yawan da ba ta yi kama da abin da ake faɗa a majalisa ba.

Masu aikin da kyau ba sa cewa "kin gamsu?". Cewa suke, "Ƙarfe nawa kika zo, ƙarfe nawa aka gan ki? An faɗa miki sunan ciwon? Magani nawa aka rubuta, nawa kika samu a nan?" Mace ce ke tambayar mace, ba cikin kayan asibiti ba, kuma in da hali a gida bayan kwana biyu. Akwatin ƙorafi da ke rataye a bango na wanda ya iya rubutu ne kawai. Sannan dole a nemi waɗanda suka daina zuwa, domin wadda ta fi kowa abin faɗa ba ta cikin layi.

Idan an tara maganganun, yaya ake tace su? Kwamfuta na jin Hausa?

Ana karanta su ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowace alama: jira, kuɗi, rashin magani, mu'amala, tsabta. Mutum biyu ke yi kowa daban, sannan a gwada a ga inda suka saɓa. Daga nan a duba wane sashe, wace rana, wane lokaci. Koke 30 a kan ɗakin magani ranar kasuwa sun fi jimillar "kashi 80 sun gamsu" amfani.

Kwamfuta ta fara taimakawa. A 2022 masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da NaijaSenti, tarin dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, da aka tantance na yabo da na suka. Amma gatse na ba ta wahala. "Sannunku da aiki" na iya zama godiya, na iya zama zagi. Kuma koke guda da ke cewa an ba yaro maganin wani, ba a jira ya taru, ranar ake binsa.

Shin jin ra'ayin na canza wani abu?

Wani lokaci. A Yuganda an yi gwaji a ƙananan asibitoci 50, aka ba al'umma sakamakon binciken asibitinsu, aka zaunar da su da ma'aikata suka tsara abin da za a gyara. Rahoton da ya fito a 2009 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da aka maimaita daga baya a ɗaruruwan asibitoci, mu'amala ta ɗan gyaru, amma ba a ga wannan raguwar ba. A Najeriya akwai SERVICOM, ofishin da ke karɓar koken jama'a kan ayyukan hukumomin gwamnati, tun 2004, da takardar haƙƙin majinyata ta 2018, da kwamitocin ci gaban mazaɓa da ya kamata su sa ido kan asibitin unguwa. A ganina, inda duk aka ga canji za ka tarar akwai mutum guda mai ikon sauya jadawalin aiki ko sayo magani da ke karanta koken duk wata.

Idan masu bincike suka zo gidana ko rugata, me ya kamata in tambaya?

Mutanen Kano ba sa buƙatar a faɗa masu dalilin wannan tambaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi masu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003.

Ka tambayi wace hukuma ta aiko su, da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Ka tambayi me za a yi da jinin dabbarka ko maganarka, ko za a rubuta sunanka, da kuma wanda zai gani. Kana da damar ƙi, ko ka janye a tsakiya, ba tare da an hana ka magani ko allura ko iri ba. Sannan ka tambayi ranar da za su dawo da sakamako da wurin da za a karanta shi, ka sa mai unguwa ko arɗo ya riƙe lambar wayar shugaban tawagar.